Jar Ciyawar da Ta Tsiro a Akwatin Kifin Yaron Nan

Laraba, 3 ga Safar, hantsi

Tun ranar da yaron nan ya aje guga bakin rijiyar lambuna ta Ƙofar Sauri ya ce shi ya gaji da ban-ruwan albasa nake magana, kuma har yau ba wanda ya taɓa cewa, Almu, ka yi gaskiya. Uwarshi, Allah ya jiƙanta, ta ce in ƙyale shi, aikin gidan soja ma aiki ne. To ga aikin. Shekara da shekaru yana yi ma wani Kanar hidimar kifi. Ba kifin miya ba, kifin kallo. Lambun kuwa, da ƙarfina ya ƙare na ba da shi aro, yanzu wani ne ke cin tumatirinshi yana ɗago mani hannu daga bisa babur.

Yanzu kifin yana gidana. Da Kanar ya kwashe iyali ya fita waje, wai duba lafiya, ana saura kaɗan sojoji su miƙa mulki, sai ga babbar mota a Ƙofar Kaura da akwatin gilashi mai tsawon gadon ƙarfe. An bar ma yaron nan kyauta. Sai da aka fasa gefen ƙofar shagon zaure kafin ya shiga, kuma ba a tambaye ni ba. Ruwan ciki ruwan teku ne, ana haɗa shi da wani gishiri na musamman da ke cikin bokiti. Akwai duwatsu masu huji-huji kamar gidan gara, jikinsu da wasu abubuwa masu laushi da ke buɗewa kamar furen kabewa in an kunna fitila. Wai murjani ne mai rai. Ni murjanin da na sani a wuyan mata yake. Kifi uku: ɗaya ruwan ɗorawa, faffaɗa kamar ganyen gwaza, biyu ƙanana masu farar ɗamara.

Ɗan fari ne, ba na kiran sunanshi, ba kuma a takarda zan fara ba. Ya yi tafiya. Ya bar mani amana da magana uku: abinci tsunkule ɗaya a yini, in ruwa ya ragu a ƙara na jarka, kuma duk abin da ya fito jikin dutsen nan kada a cire, don rai ne daga teku, ba ciyawa ba.

To yau wani abu ya fito. Ja, kamar an ɗiga zoɓo, bai fi farce ba, a gindin babban dutsen. Shi ya sa na ɗauko alƙalami da ɗan ajamin da na tsinta a makarantar allo, don in ya dawo ya ce an yi mashi ɓarna, in buɗe in nuna mashi ranar da kowane abu ya faru.

Jumma'a, 5 ga Safar, bayan saukowa daga masallaci

Sammani ya biyo ni gida. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, mai gyaran keke, bakinshi bai taɓa hutawa ba.

"Sarkin Ruwan Ƙofar Kaura, ya masu gidan? Sun tashi lafiya?"

"Sun fi ka tarbiyya, ba su magana."

Ya manna hanci jikin gilashin. Na nuna mashi abin. Ya yi rassa, sirara, sun rarrabu kamar ƙahon barewa.

"Ai zoɓo ne ya tsiro maka. Bari ya girma, ni zan kawo sukari."

Sai ya rage murya. "An ji wani labari?"

"Labarin mi?"

"Almu."

"Na ce labarin mi? Ciyawa nake nuna maka."

Ya dube ni, ya gyara hula, ya ce Allah ya kyauta. Ban tambaye shi komi ba. Ban tambayi kowa ba.

Asabar, 6 ga Safar, Azahar

Ta ƙara tsawo. An ɗauke wuta tun safe.

Litinin, 8 ga Safar, bayan La'asar

Zafin nan ko jaki ba ya tsayuwa a rana. Na sa hannu cikin ruwan na ji shi kamar na alwalar mara lafiya. Kifin ɗorawa ya hau sama yana buɗe baki. Na yi mashi abin da ake yi ma randa: na jiƙa buhunan algarara na lulluɓe gefe uku, na buɗe tagar arewa, na zauna ina fifita. Madina, matar yaron nan, ta samo ƙanƙara a leda a maƙwabta muka sa ta yi iyo bisa ruwan. Janaretan da aka kawo da akwatin yana shan fetur kamar raƙumi, fetur kuwa sai wajen 'yan bumburutu, kuma in injin da ke juya ruwan ya tsaya, an ce komi na ciki zai shaƙe.

Jarkar ruwan da ya bari ta ƙare. Na ɗebo na rijiyarmu. Madina ta tsaya bayan ƙyaure, ba ta shigo ba.

"Baba, kamar ya ce ban da na rijiya."

"Ruwan da kakanshi ya sha har ya mutu da haƙoranshi cur, shi ne kifi zai raina?"

Na zuba.

Maganar tsunkule ɗaya kuma, ni ba zan iya ba. Abincin nasu kamar ɓawon albasa yake, iska ma ta fi shi nauyi. A gidan nan ba a taɓa ba baƙo tsunkule ba. In na ci, su ci. Ba don yaron nan nake yi ba, don amana.

Laraba, 10 ga Safar, Magariba

Wani reshe ya karye da kanshi ya maƙale bakin injin. Da kanshi, ban taɓa ba. Na sa shi a kwalba da ruwanshi na tafi kasuwa.

Na yi noma tun ina ɗaukar kalme da ƙyar. Na san ƙuduji, na san jiji, na san harƙiya da tumbin jaki, in ka rufe mani ido ka sa mani ganye a hannu zan gaya maka sunanshi da na uwarshi. Wannan na murza shi, santsi kamar kuɓewa. Na sansana, ƙarni. Na ɗanɗana, gishiri ne da ɗan ɗaci. Ba ganye, ba fure, ba saiwa, manne kawai yake da dutse. Abin da ba shi da saiwa ta ina mutum zai san halinshi?

Mai maganin gargajiya ya juya kwalbar ya ce in bar mashi, zai yi kyau a maganin basir. Na karɓe abina. Mai busasshen kifi, mutumin Jibiya, ya ce, "Baba, mu gansakuka muka sani, ita kuwa koriya ce. Ja kam sai dai ka tambayi mutanen Ikko."

Da zan dawo na biyo ta tashar da motocin Kaduna ke sauke mutane. Hanya ce kawai. Na ɗan zauna bisa benci don ƙafata. Motoci sun shigo, mutane sun sauka, kowa da mai tarbarshi. Da ƙafar ta huta na taho.

Asabar, 13 ga Safar, bayan Magariba

Yau sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Kowane zaure rediyo, 'yan acaɓa suna ta oda da ganye a bayan babura, mata suna guɗa kamar an yi haihuwa. A bakin masallaci kowa cewa yake yanzu duk wanda aka riƙe za a sake shi, ƙofofi za su buɗe. Suna faɗa suna satar kallona. Na ce masu ni mi ya shafe ni, wa na ce maku an riƙe?

Madina ta share ɗaki tun da safe, ta yi turare, ta dafa dambu da zogale da man shanu. Ni ba na cin dambu sosai, ta sani. Na ga lalle a hannunta sanda ta aje mani kwano.

Na goge gilashin ciki da waje. Na kunna fitila ko da rana ce, murjanan suka buɗe duka. Jar abar ta kai tsawon yatsa, tana rausaya cikin ruwa, kuma in za a faɗi gaskiya kyau gare ta. Na fitar da tabarma ƙofar zaure don shan iska. Na sha iska har aka kira salla.

Lahadi, 14 ga Safar, da safe

Ɗumamen dambu muka ci.

Talata, 16 ga Safar, La'asar

Malam Anas, mai koyar da kimiyya a sakandare, yana haya bayan gidanmu. Madina ce ta yi ma matarshi magana, ba ni na kira shi ba. Yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni har ya tambayi ƙafata. Ya zo da wani littafi mai kauri, hotunan ciki baƙi da fari. Ya daɗe yana duba gilashi yana duba littafi.

"Baba, dangin gansakuka ce, amma ta teku. Akwai kore, akwai ja. Tun a teku ƙwayarta take ɓoye cikin dutsen, ba ta samu abin ci ba sai yanzu."

"Wa ya ba ta?"

"Wane ruwa ake ƙarawa?"

Na ce ruwa dai.

Ya ce rijiyoyin cikin gari suna kusa da masai, ruwansu yana da taki ko ido bai gani ba. Ya ce abincin da kifi ya bari ya nutse shi ma taki ne. Ya ce a rage abinci, a rage awannin fitila, a jira ruwan sama a canza wani kashi na ruwan, ita kuma a tsige ta da hannu.

"Mai abu ya ce kada a cire komi."

"Sanda ya faɗa bai san wannan za ta fito ba, Baba."

"Kai ka tabbata bai sani ba? Ka tabbata ba shi ya shuka ta ba?"

Ya sosa kai. Ya ce gaskiya jar nan iri-iri ce, wata masu akwatin kifi da gangan suke ajiye ta don ado, har tana tsabtace ruwa, wata kuwa in ta kama sai ta rufe murjani ta hana shi haske ya mutu. Ya ce daga wannan hoton ba zai iya rantsuwa ko wace ce ba.

To ka ji. Ko amfani ce ko annoba. A gonar wani, abin da ba ka san ko shuka ba ne ba ka sa mashi hauya sai mai gona ya zo. Haka na tashi na gani. Shi kuma mai gonar bai zo ba.

Na rage abincin. Sau biyu. Ƙasa da haka zalunci ne.

Jumma'a, 19 ga Safar, bayan Asuba

Ta hau dutse ta yi ma murjani ɗaya rumfa. Wanda ke ƙarƙashin bai buɗe ba jiya, bai buɗe ba yau. Shi ne wanda yaron nan ya fi so, koren nan mai kamar gashin masara. Ranar da ya tafi yana tsugune gabanshi da hannu cikin ruwa har gwiwar hannu sanda aka yi sallama. Mutum biyu ne cikin farar fijo, sun gaishe ni da kyau, ɗaya har ya ce mani Baba ya zafi. Suka ce takardun kayan gidan Kanar ne za a sa ma hannu a Kaduna, ba daɗewa za a yi ba. Ya goge hannu jikin labule. Maganar nan uku a tsaye ya faɗe ta, yana fita. Na so in ce wani abu, amma akwai baƙi, kuma uba ba ya bin ɗan fari har bakin mota.

Ni ba wannan na zauna rubutawa ba. Murjanin ne bai buɗe ba.

Lahadi, 21 ga Safar, hantsi

Na samo hanya, kuma ba malamin boko ne ya ba ni ba.

Yaron nan ya ce kada a cire. Bai ce kada a yi noma ba. In ka yi firi a gona, ciyawar da ka sare ba ka fitar da ita, juya ta kake ka rufe da ƙasa a gindin kunya, ta ruɓe ta koma ma gonar. Komi na mai gona yana cikin gonarshi. Na karɓi almakashin Madina, na naɗe hannun riga, na yanke jar abar ƙasa-ƙasa, na daddatsa ta ƙanana yadda za ta yi saurin ruɓewa, na tona yashin ƙasan akwatin na binne. Wasu gutsattsari sun kuɓuce, injin ya watsa su, amma ba su fi ƙwayar gero ba.

Ko tsinke ban fitar ba. In ya dawo ya tambaya, ga ta nan ƙarƙashin yashi.

Da La'asar koren murjanin ya buɗe rabi. Na kira Madina ta gani. Ta yi dariya, karon farko tun, to, tun da daɗewa.

Laraba, 24 ga Safar, Azahar

Sammani ya zo da sassafe ya ce in sa babbar riga, za mu gaida sabon kansila. Na ce ni ba maroƙi ba ne. Ya ce in ban tashi ba zai ɗauke ni bisa keke kamar buhun gawayi, unguwa ta gani.

Kansilan Bala ne, wanda na sha kora daga lambuna yana satar karas. Yanzu ya yi tumbi, ƙofar gidanshi cike da mutane kamar ana rabon zakka. Da layi ya zo kanmu ya taso ya kama hannuna biyu.

"Baba Almu da kanshi! Mi ke tafe da ku?"

Na buɗe baki. Gaban mutane, ga yara, ga sa'o'in yaron nan. Sai na ji hannuna ya shiga aljihu ya fiddo kwalba. Na ce ko cikin mutanen gwamnati akwai wanda ya san wannan ciyawar.

Aka yi dariya. Wani ya ce a kai ta ma'aikatar gona a ba ta muƙami.

Sammani bai yi dariya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗanshi ne. An tafi da shi Kaduna tun kafin a miƙa mulki, ba labari."

"Subhanallahi. Sunanshi?"

Ya dube ni. Kowa ya dube ni. Na dubi kwalba.

"Abbas," in ji Sammani. "Abbas Almu."

Bala ya rubuta a bayan wata takardar kamfe mai hotonshi. Ya ce yanzu mulkin jama'a ne, ba wanda zai ɓace a ƙasar nan. Sannan ya sunkuyo ya ce mani a kunne, su kansu ko kujerar zama ba su samu a ofis ba tukuna, ba su san wa ake tambaya ba, amma zai duba.

A hanya na ce ma Sammani wa ya aike shi. Ya ce, "Kai ka aike ni, tsohon banza, tun ranar da ka fara yawo da ciyawa a kwalba." Ban kula shi ba har gida.

Jumma'a, 26 ga Safar, bayan La'asar

Ta fito ko'ina. Bisa yashi, jikin kowane dutse, bakin injin, har kusurwar gilashi. Jajaye ƙanana kamar an watsa barkono.

Malam Anas ya tsaya ya riƙe baki.

"Baba, wadda kuka yanke, ina kuka zubar?"

Na ce a gona ba a zubarwa.

Ya sake duban gilashin. Sannan ya ce, a hankali kamar mai gaya ma mutum rasuwa, ita wannan ba ta buƙatar iri, kowane gutsure in ya samu wurin mannewa sabuwa ce. Wanda ya ruɓe a yashi kuma ya zama abincin sauran.

Wa ya taɓa jin ciyawar da ake sarewa ta haihu? Wa ya gaya mani? Da aka fasa mani ƙofa aka shigo da teku cikin zaurena, an zaunar da ni an karanta mani halinta? Magana uku aka ba ni a tsaye. Uku. Na riƙe su iyakar ganewata.

Malam ya ce yanzu dai a riƙa tsigewa da hannu ana fitarwa waje, kullum. Na ce zan yi tunani.

Asabar, 27 ga Safar, da safe

Kifin ɗorawa ya mutu. Na same shi kwance bisa yashi, launinshi ya koɗe kamar tsohon zane.

Sammani ya leƙo ya fara cewa a kawo mai da yaji, ya ga fuskar Madina, ya haɗiye sauran. Na binne shi gindin lemun tsakar gida. Madina ta shiga ɗaki ta yi kuka irin wanda ba a yi ma kifi. Na tsaya tsakar gida da hauya a hannu. Suruki ba ya shiga ɗakin matar ɗa. Na ce daga waje, "Ki yi haƙuri, saura biyu." Ban san abin da zan ce ba ke nan.

Litinin, 29 ga Safar, Azahar

Na fara tsigewa ina fitarwa. Na saɓa maganar yaron nan. Ina shanya ta bisa faifai, in ta bushe in zuba a tulu, don ya ga ban zubar mashi da komi ba.

Ina tsige gabas tana fitowa yamma.

Talata, 1 ga Rabi'ul Awwal, bayan La'asar

Ruwan sama ya sauka, na farko mai ƙarfi. Muka bari ya wanke kwanon rufi kamar yadda Malam ya ce, sannan ni da Madina muka jera robobi da bahon wanki ƙarƙashin indararo. Na jiƙe sharkaf, ta ce Baba ku shiga ciki sanyi zai kama ku, na ce ta kula da bahonta. Malam ya zo ya auna gishirin da wani ma'auni mai allura da yaron nan ya bari, muka kwashe kashi ɗaya na tsohon ruwan muka zuba sabo. Masu ɗamara suka yi ta zagaye kamar yara ranar salla.

Gishirin bokitin ya kusa gindi. Na ce a ƙara da na kasuwa, ko na Balma mai kyau. Malam ya ce in na yi haka kafin gobe ba mai rai a ciki. Irin wannan sai Ikko. Wannan karon ban yi gardama ba, na gaji.

Gari duk ƙamshin ƙasa. Gobe kowa zai fita shuka. Ni ina nan ina noman dutse cikin gilashi.

Alhamis, 3 ga Rabi'ul Awwal, hantsi

Na aika Sammani wajen Bala. An ce ya tafi taro Abuja.

Jumma'a, 4 ga Rabi'ul Awwal, Magariba

Koren murjanin ya narke. Wurin da yake ya zama farin dutse, da yamma har ja ta fara hawa. Saura ɗaya mai buɗewa, can sama kusa da fitila.

Ban tambayi kowa ba. Wa ya rage?

Lahadi, 6 ga Rabi'ul Awwal, bayan Azahar

Wani ɗan kamasho daga tasha ya yi sallama da baƙar leda a hannu. Ya ce direban Kaduna ne ya ba shi, an ce a kai gidan Almu mai lambu a Ƙofar Kaura. Na ce wa ya ba direban? Ya ce wani mutum. Wane iri? Mutum dai, Baba, da hula. Ina direban? Ya juya tun ɗazu.

Riga ce da wando, ruwan toka, an wanke, an yi guga, an ninke da kyau kamar daga wajen mai wanki. Ba takarda, ba saƙon baki. Na laluba aljihu, ba komi. Madina ta leƙo, ta gani, ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ba sai ta ce mani su ne ya fita da su ba.

Sammani ya ce in an kai mutum gidan yari ana ba shi kayan can, a maido nashi, alama ce yana nan. Malam Anas ya ce haka ne, haka ne. Ba wanda ya dubi wani cikinsu.

Liman ya zo bayan La'asar. Ya ce ba a salla ba gawa, ba a takaba ba shaida, sai a yi ta addu'a. Maƙwabta suna ta shigowa zaure, su tsaya, su gaishe ni, su rasa ta gaba. Wani ya fara "ya haƙu—" ya mai da ita "ya damina". Mata sun cika ɗakin Madina, ba kuka, ba hira. Na ba su baya na ci gaba da tsigar ciyawa, don in na juyo sai na ga idanunsu.

Litinin, 7 ga Rabi'ul Awwal, da safe

Masu ɗamara sun ci abinci. Tsunkule ɗaya.

Laraba, 9 ga Rabi'ul Awwal, hantsi

Malam ya kankare gindin bokitin, abin da ya fito bai cika tafin hannu ba. Ya ce daga wannan ba sauran canjin ruwa, sai dai a yi ta ƙara na sama ana lallaɓawa, wataƙila su kai ƙarshen damina, wataƙila ba su kai ba. Ja ta kai gindin murjanin ƙarshe. Na tsige ta da safe, yatsuna duk sun tsattsage da gishiri, kuma na san gobe tana nan.

Madina ta zo bakin ƙyaure ɗazu. Ta ce, "Baba, mutanen gidanmu sun aiko, wai in koma can in zauna kafin a ji." Ta tsaya tana jira in ce ta tafi ko ta zauna. Ni da ban san ko matar aure ce ke tsaye bayan ƙyauren ba ko mai takaba. Na ce ta bari in gama da ruwan nan. Tana nan tsaye, ina jin numfashinta.

An ce yanzu mulkin jama'a ne, kowa yana da bakin magana. To ni na yi magana. In yana raye, zan sayar da abin da zan sayar in aika Ikko a nemo gishirin nan, in yi ta tsigar ciyawa har yatsuna su ƙare, ya zo ya iske ko kifi ɗaya yana motsi ya yi mani faɗan sauran. In kuwa ba haka ba ne, a bar ni in kashe injin nan in shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kamar kowane uba, in sallami ɗiyar mutane.

Wanda ya wanke rigar nan, ya yi mata guga, ya ninke hannayenta ciki, mutum ne. Yana da ƙafa, ya san sunana, ya san unguwata. Ya zo zauren nan ya tsaya gabana. Ba na son haƙuri, ba na son za a duba. Tabarma zan shimfiɗa ko ruwa zan tara? Ku amsa mani.